Shekarar da Mai Yanka Mini Kaji Ya Tafi Barazil

Bazara ce, irin wadda ko ruwan randa ba ya sanyi. A waccan shekara ciwon kaji ya shigo mana tun ƙarshen ɗari. Daga wajen Lambara muka fara jin labarinsa, kafin mu ankara ya iso Shagari. Kaza tana cikin kiwo sai ka ga ta karkace wuya ta faɗi. Aka wayi gari babu zakaran da zai yi cara a unguwarmu. Albasa kuma ta yi yawa har ta rasa daraja, maza suna kai ta kasuwa suna dawowa da ita, tana ruɓewa a rumbu. Babu mai yin biki da kaza a irin wannan shekara. Na kife kaskona a bayan ɗaki har gizo-gizo ya yi saƙa a cikinsa.

Na fara da wannan shekara ne saboda ku, 'yan matan da kuke zuwa gidana kuna cewa, "Inna A'i, koya muna suyar kaji, mu ma mu samu na kanmu." Kuna ganin kaji sun fito jawur a cikin kwano, kuna zaton mai ne da wuta kawai. Zan koya muku in Allah ya so. Amma ku zauna tukuna ku ji.

A Dandin Mahe na koya, wurin ƙanwar mahaifina, Goggo Hassi, Allah ya jiƙanta. Damina ta wuce, rani ya wuce, ban taɓa kasko ba, figa kawai nake yi. Ruwan figa shi ne karatun farko. In ya tafasa, fata za ta biyo gashi, kaza ta fito kamar wadda ta ƙone a gobara. In bai yi zafi sosai ba, za ki wuni kina tsintar ƙananan gashi da farce. Goggo yatsa take tsomawa ta cire, ta ce ya yi, ko ta ce a ƙara kara. Zabo ya fi kaza taurin gashi, nasa ruwan daban. Bayan figa sai babbaka a harshen wutar kara, ba a garwashi ba, sannan a wanke, sannan a feɗe.

Ranar da za ta fara bari in feɗe, sai ta ɗauki hanta ta fasa matsarmama a kanta da gangan, ta soya, ta miƙo mini.

"Ci," in ji ta.

Na tauna, ɗaci ya kama mini harshe har maƙogwaro. Na waiga ina neman inda zan tofar.

"Haɗiye, da kuɗɗina nis saye ta. Abin da za ki ba mutane ke nan duk ran da kiy yi gaggawa."

Ita ce kuma ta koya mini sayen kaza a kasuwa. Dillali zai ɗaga miki zakara yana kaɗa shi, gashi yana ƙyalli. Goggo ba ta ko kallon gashin. Sai ta tura hannu ta laluba ƙashin ƙirji. In ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa, sai ta mayar masa ta ce, "Wanga azumi yakai, bari shi sha ruwa tukuna." Dillalai suna jin haushinta, amma kaza mai kyau ita suke ɓoye wa.

Aikin farko da na yi ni kaɗai bayan an kawo ni Shagari, sunan jikan wata Hajiya Balki ne a Bodinga. Na je da kayana: kaskon ƙarfe, wuƙa ƙarama ta feɗewa, mataci, da ƙullin citta, kanumfari, masoro da tafarnuwa da na daka a gida. Kafin in ɗora mai, na tara ƙundu da hanta a kwano daban, na kai wa Hajiya har ɗaki na ajiye a gabanta. Ta ce, "Wannan hwa?" Na ce, "Ranki shi daɗe, ki riƙe abinki." Domin a kan ƙundu ake zargin mai suya. Yaran gida ne za su tsince shi a bakin murhu, amma ke za a ce kin sa a zane. Hajiya ta yi dariya har ta riƙe ciki, kuma tun daga ranar duk wani taro na gidanta da na danginta ni take aika wa. Ku riƙe wannan. Ku kuma riƙe cewa ana tafasa kaza da kayan ƙamshi kafin ta shiga mai, kuma mai suya tana shiga gidaje da yawa, ba ta fita da zancen wani gida, ba ta shiga da zancen nata.

Abu guda ne ba mu yi da hannunmu, shi ne yanka. Duk ƙwarewarki sai kin jira namiji. Maigidana ne yake yanka mini har Allah ya karɓi abinsa, sannan babban ɗana ya ɗauki wuƙar. Ɗan fari ne, kun kuwa san yadda muke da ɗan fari. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi. Ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. In ina son yanka, ƙanwarsa Hadiza nake wa magana, shi kuma yana tsaye kusa da ni har inuwarmu tana haɗuwa.

"Hadiza, ki ce ma mai wuƙa kaji na jiranai."

"Hadiza, ki ce mata na ji."

Hadiza ta ce, "Ni dai kun gajishe ni. Ku biya ni kuɗɗin aike."

Yana da hannu a yanka. Sai ya ba kaza ruwa ta sha tukuna. Ba ya wasa wuƙa a gabanta, ba ya yanka wata a gaban wata, sai ya zaga bayan zana. Ya fuskantar da ita gabas, ya taka fiffike da ƙafafu a hankali, ya yi bisimilla, shi ke nan, sau ɗaya. Mutane har daga wata unguwa suke kawo masa yankan suna.

Wannan hannun nasa ne ya jawo mana Alhajin. Wani mutum ne da ya sauka a gari cikin waccan bazara, fari, mai tattausar murya, ana ce masa Alhajin Legas. Kullum yana sahun gaba a masallaci. Ya ce a wata ƙasa da ake kira Barazil, can bayan teku, akwai gidajen kaji da suke aika nama ƙasashen Larabawa, kuma dole Musulmi ne zai yanka. Ya ce suna neman samari masu addini, aiki ne da lada a ciki, ga albashi, ga ɗaki, ga abinci. Ya zo gidanmu tare da ƙanen maigidana, Baffa Garba, wanda shi ne uban yaran yanzu. Na gaishe su daga bayan labule.

Baffa Garba ya ce, "A'i, kin ji alheri ya biyo mu har gida. Yaro na zaune, ba kaji, ba albasa. Mi kig gani?"

Me zan gani? Maganar ɗan fari ce, uwa ba ta sa baki. Na ce, "Ku ne iyayenai. Allah shi sa albarka." Aka sayar da san noma, aka jinginar da fadamar albasa, aka yi masa fasfo. Ranar tafiya na soya masa zabin da suka tsira daga ciwo, na yi dambun nama, na ba Hadiza ta sa masa a jaka. Da ya zo sallama ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ni kuma ina ciki ina tankaɗe.

Da ruwa ya sauka kaji suka fara dawowa. Na sayo 'yan tsaki daga ƙauyukan da ciwo bai taɓa ba, na wanke kasko da toka. Yanka sai in roƙi wani maƙwabci, wanda in ya ga dama ya zo da hantsi, in bai ga dama ba sai azahar, ruwan figa ya huce in sake hura wuta. Shi kuma mai wuƙa yakan kira ranar Lahadi, ba kowace ba, da wayar wani abokin aikinsa mutumin Sanagal. Wayar Baffa Garba yake kira. Baffa ya shigo tsakar gida ya buɗe murya kowa ya ji.

"Yaya aiki?"

"Lahiya lau, Baffa."

"Yaya sanyi? An ce ƙasar da sanyi."

"Da godiya."

"To, kuɗɗin hwa? Mai hwadama ya hwara magana."

"Suna gyara takardu, Baffa. Sun ce wata mai zuwa."

Wata mai zuwa ya zo ya wuce, wani ya zo. Ni ina bakin murhu ina ji, ban taɓa karɓar wayar ba, ba a kuma taɓa miƙo mini ba. Baffa ya fara cewa yaro ya ga duniya ya manta gida. Alhajin kuma ya daɗe da barin gari, an ce yana wajen Lambara yana neman wasu samarin.

Bayan an shekara, sai ya aiko hoto. Hadiza ta shigo da gudu, mata suka taru a kanta. Yana tsaye jikin wani bango, da farar hula, da farin takalmin roba har gwiwa, da wata rigar sanyi mai kauri. Kowa yana cewa, "Kai, ya zama likita! Dubi yadda yac cika!" Na bari sai da suka watse, na ce wa Hadiza ta ajiye wayar a kan turmi ta je ta ɗebo mini ruwa. Na ɗauka na duba. Rigar ce ta cika. Wuyan hannunsa da ya leƙo daga cikinta bai fi na Hadiza ba. Yatsun hannun dama sun kumbura sun lanƙwashe, ya manna hannun a ciki kamar mai ɓoye abu. Na shekara da shekaru ina laluben ƙirjin kaza a ƙarƙashin gashi, ba riga ce za ta rufe mini ido ba.

Lahadin da ta biyo bai kira ba. Ta gaba ya kira, bayan la'asar, ina tsakiyar figar kajin wani suna. Baffa ya fara, "Yaya aiki," ya amsa, "Lahiya lau." Na tsame hannu daga ruwa, na goge a zane, na miƙa wa Baffa hannu. Ya tsaya yana kallona, ya zaci wani abu nake nema a bayansa.

Na ce, "Ba ni."

Na kara wayar a kunne, da gashin kaza a yatsuna. Na ce, "Bello."

Shiru. Har na zaci layin ya yanke.

"Bello, ni ta. Mi yas samu hannunka?"

Sai na ji numfashinsa ya sauya. Ya ce, "Inna?" Ya sake cewa, "Inna, ke ta?" Sannan ya ce, "Inna, ba lahiya ba."

Ya faɗa mini a gurguje, don mai wayar yana tsoro. Tun a filin jirgi wani mutumin Alhajin ya karɓe fasfonsu, wai za a yi musu takardar zama. An ajiye su a wani gida a bayan gari, da katanga da kwaɗo a ƙofa. Mota take ɗaukarsu tun kafin asuba ta dawo da su bayan duhu. Kaji a rataye suke zuwa a jikin sarƙa, ba ta tsayawa, suna tsaye cikin sanyi suna yanka har bisimilla ta gagari baki. Albashi ba ya zuwa hannunsu. An ce sai sun biya kuɗin jirgi, da na ɗaki, da na abinci, har da na takalmin da mata suka yaba, kuma kullum bashin ƙaruwa yake. Wanda ya yi magana sai a ce za a kira masa 'yan sanda, tunda ba shi da takarda. Ba ya jin yarensu, bai ma san sunan garin ba.

Na ce, "Don mi ba ka hwaɗa ma Baffanka ba?"

Ya ce, "An sai da sa, Inna. Da wane baki?"

Baffa Garba ya zauna a kan turmi ya cire hula. Na koma na ƙarasa figa, don masu suna ba su san abin da ake ciki ba, kuma an riga an yanka kajin.

A makon nan Hajiya Balki ta aiko, za ta aurar da 'yar autarta. Na je Bodinga da kayana. Ina cikin suyar kaji ta fito ta zauna kusa da ni a kan kujera, ƙafafunta suna mata ciwo a lokacin. Ta ce, "A'i, wanda yay yanka kajin ga ba mai wuƙarki na ba. Dubi wuya, kamar an yi da zarto. Har yanzu bai dawo ba?" Tunda na fara shiga gidan nan ban taɓa kai mata zancen gidana ba. Ranar na kai. Ta saurara har na gama, sannan ta ƙwala wa direbanta kira.

Na ce, "Hajiya, biki hwa? Mai na kan wuta."

Ta ce, "Sauke shi. Amarya ba ta mutuwa don kaza ta yi latti."

Ta kai ni Sakkwato da zanen aikina, ina warin hayaƙi, wani ofishi na masu hana safarar mutane. Ban san akwai irinsa ba. Wata yarinya ce ta karɓe mu, ba ta fi Hadiza da yawa ba, ta ba ni ruwa, ta ce, "Inna, ba ke ce ta farko ba. Sannu." Ta ce abin da suke buƙata shi ne a san inda gidan yake. Ta nuna wa Hadiza daga baya yadda mutumin Sanagal zai aiko da wurin ta waya. Shi wannan bawan Allah ban taɓa ganinsa ba, ban san fuskarsa ba, ya sa kansa a haɗari ya aiko. Ina sa shi a addu'a tare da 'ya'yana. Yarinyar ta kuma ce mu gaya wa Bello kada ya gudu, kada ya nuna an san komai, ya ci gaba da aiki.

Jiran ya yi tsawo. Sanyi ya wuce, wata bazarar ta shigo. Na yi suyar sunaye, na yi ta bukukuwa, na yi ta masu dawowa daga Makka. Duk Lahadin da ya kira yanzu ni nake karɓa, Hadiza tana gefe tana cewa an kore ta daga aiki ba sallama. Baffa Garba kuma ya hau babur ya tafi Lambara da kansa, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a ya faɗi abin da ya same mu, bai rage komai ba. Akwai gidajen da har sun sa dabbobinsu a kasuwa, suka janye. Alhajin ya ɓace a ranar. Daga baya na ji an kama shi a wata jiha, ban bi zancen ba.

Yadda Bello ya ba mu labari, wata safiya ce motar da ta saba zuwa ba ta zo ba, sai wasu motoci daban, da jami'an ƙwadago na ƙasar da 'yan sanda. Ya ce shi ya ɗauka su aka zo kamawa, har ya fara salati. Sai wata mata a cikinsu ta kama hannunsa ta juya shi tana dubawa, ta girgiza kai. Aka fasa wani akwati aka fito da fasfo ɗinsu. Aka kai su asibiti, aka sa waɗanda suka riƙe su suka biya su wani abu daga haƙƙinsu. Da shi aka fanshi fadama. Mutanen ƙasar da muke tsoro, su suka buɗe masa ƙofa. Wanda ya rufe shi kuwa, da yarenmu ya yi mana sallama.

Ya iso Shagari da damina, gero ya fara fitar da kai, ana yayyafi. Gida ya cika. Baffa Garba don murna ya sa aka kamo babban zakarana, ya zaro wuƙa ya miƙa masa yana dariya. "Zo ka gwada muna yankan Barazil!" Bello ya karɓa don kada ya kunyata Baffansa. Yatsun suka ƙi rufuwa a kan ƙotar. Zakaran ya yi kuka, sai na ga kafaɗunsa sun ɗaga, gumi ya keto masa. Ya sunkuya ya ajiye wuƙar a ƙasa a hankali, ya ce, "Baffa, a yi mani haƙuri." Na ce wa Hadiza ta saki zakaran. Ranar tuwo da miyar kuka muka ci, da man shanu, ya cinye ya nemi ƙari. Alhamdu lillahi. Akwai iyayen da har yau ko muryar nasu ba su ji ba.

Washegari ina da aikin suna a Bodinga. Da na idar da sallar asuba, na aika wa Ladi, wadda muka daɗe muna ƙwacen masu biki da ita, na ce ta je ta yi, na bar mata. Na kama zakaru tun suna kan katanga, na zuba su a kwando, na kai gidan maƙwabta can ƙarshen layi, don kada su yi cara su tayar da Bello. Na dawo na dama kunu na rufe da faifai. Sannan na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa na zauna ina ɓarar tafarnuwa. Duk wanda ya yi sallama ya zo barka da zuwa, sai in ɗaga masa hannu in ce ya dawo da la'asar. Har Baffa Garba na mayar. Rana ta take tsaka, kunu ya huce, yana ciki yana barci, ban bar kowa ya taɓa ƙofar ba.